HAƘORIN DA AKA YI WA AIKIN SAIWA YA SAKE CIWO: A GYARA KO A CIRE?

Gabatarwa

Daga cikin koke-koken da ake kai wa likitocin haƙori a asibitocin Birnin Tarayya, Abuja, akwai na mutumin da aka taɓa cire wa jijiyar haƙori, aka cike, ya sami sauƙi, sa'an nan bayan shekara biyu ko biyar haƙorin ya sake tashi da ciwo, ko kuwa wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi. Irin wannan mutum yakan zo da hukuncinsa a hannu, watau a cire haƙorin kowa ya huta. Wani lokaci cirewar ita ce daidai, amma sau da yawa akan iya ceton haƙorin ya ƙara yi wa mai shi aiki shekaru masu yawa.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a yadda likita yake auna al'amarin kafin ya ce a sake aikin, ko a yi fiɗa, ko a dakata, ko a cire. Wanda ya san yadda ake yanke wannan shawara ya fi iya yi wa likita tambayar da ta dace, kuma ba zai yi asarar haƙori ko kuɗi a banza ba.

Yadda Haƙori Yake da Yadda Ake Aikin Saiwa

Haƙori kashi biyu ne. Akwai kai, wanda ake gani a baki, akwai kuma saiwa, wadda take binne cikin ƙashin muƙamuƙi. A tsakiyarsa akwai wani ɗan ɗaki mai ɗauke da nama mai laushi, da jijiyoyi, da hanyoyin jini, wanda za a iya kira ɓargon haƙori. Daga wannan ɗaki waɗansu ƙananan kafofi suka gangara ta cikin saiwa har ƙarshenta. Haƙoran gaba galibi kafa ɗaya gare su. Turame, watau manyan haƙoran tauna na baya, suna da uku ko huɗu, waɗansu ma a lanƙwashe suke, sirara kamar gashi.

Idan ruɓa ta ci haƙori har ta kai ga ɓargo, ko haƙorin ya karye, ƙwayoyin cuta sukan shiga su kashe ɓargon. Daga nan sai su gangara ƙarshen saiwa su fara cin ƙashi. Aikin saiwa, wanda jama'a suke kira cire jijiya, shi ne likita ya huda kan haƙorin, ya kwashe mataccen ɓargo, ya kankare kafofin da sirran magagarai, ya wanke su da ruwan magani, sa'an nan ya toshe su da wani ɗanko mai suna gata-faca, wanda ake samu daga itatuwan ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya. Bayan haka sai a rufe saman da ciko ko hula.

Aiki ne mai nagarta ƙwarai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya bi diddigin haƙora fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da aka yi wa wannan aiki, aka tarar kashi 97 cikin 100 suna nan a bakin masu su bayan shekara takwas. Duk da haka waɗansu sukan ƙi warkewa, kuma su ne abin nazari a nan.

Abin da Yake Sa Aikin Ya Ƙi Ci

Tushen matsalar ɗaya ne, ƙwayoyin cuta. An tabbatar da haka tun 1965, sa'ad da wani masani mai suna Kakehashi da abokan aikinsa suka huda haƙoran ɓeraye iri biyu a Amurka. Ɓerayen da aka rena a wuri marar ƙwayoyin cuta ko kaɗan, haƙoransu sun warke duk da hudar da aka yi musu. Sauran ɓerayen kuwa ɓargonsu ya mutu, ƙurji ya fito a ƙarshen saiwa. Saboda haka duk lokacin da aikin saiwa ya ƙi ci, tambayar farko ita ce inda ƙwayoyin suke ɓuya, da kuma ta inda suka shiga.

Hanyoyin da aka fi sani su ne waɗannan.

Na ɗaya, kafar da ba a gano ba. Turmin farko na sama shi ne ya fi yaudarar likitoci, domin fiye da rabin irinsa suna da kafa ta huɗu a ɓoye. Idan aka wanke uku aka bar ɗaya, to, an bar wa cuta gida.

Na biyu, toshewar da ba ta kai ƙarshen saiwa ba, ko wadda ba ta cika kafar sosai ba, ta bar gurabe.

Na uku, yoyo daga sama. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Idan ciko ya faɗi, ko hula ta saki, ko sabuwar ruɓa ta kama gefenta, miyau yakan ɗebo ƙwayoyin cuta ya gangara da su har ƙasa, ko da aikin farko ya yi kyau. Mutane da yawa sukan ji ciwo ya tafi sai su ƙi komawa a sa musu ciko na dindindin, su zauna da na wucin gadi wata da watanni. A binciken nan na 2004, yawancin haƙoran da aka ƙare da cirewa ba a taɓa sa musu hula ba.

Na huɗu, hatsarin aiki, kamar karyewar magagari a cikin kafa, ko huda gefen saiwa, ko karkatar da kafar daga hanyarta ta asali.

Na biyar, tsagewar saiwa daga sama zuwa ƙasa. Wannan ita ce mafi muni, domin ba ta ɗinkuwa.

Na shida, cutar da ta fita daga saiwa ta yi zaune a cikin ƙashi, ko wata 'yar jaka mai ruwa da ta tsiro a wurin, wadda wankin ciki ba ya kai gare ta.

Binciken da Likita Yake Yi

Mutane sukan yi mamakin yadda haƙorin da aka cire wa jijiya yake ciwo. Dalili shi ne saiwa tana lulluɓe da wata tantani mai rai wadda ta haɗa ta da ƙashi, kuma wannan tantani tana da jijiyoyinta. Ita ce take zafi idan aka tauna abu.

Likita yakan fara da tambaya. Yaushe aka yi aikin, a zama nawa, an sa hula ko ba a sa ba, yaushe ciwon ya dawo, kuma me yake tayar da shi? Amsa ta ƙarshe tana da muhimmanci. Haƙorin da aka kwashe wa ɓargo gaba ɗaya ba ya jin sanyin ruwa. Idan majiyyaci ya ce ruwan sanyi ne yake tayar masa da ciwo, likita zai fara zargin haƙorin da yake maƙwabtaka da shi. Ciwon kogon kunci na bayan hanci, da ciwon gaɓar muƙamuƙi, da cikon da ya yi tsawo yana riga sauran haƙora haɗuwa, duk suna iya kama da ciwon saiwa. Ba a sake buɗe haƙori sai an tabbatar shi ne mai laifi.

Sa'an nan sai ya duba baki. Zai ƙwanƙwasa haƙorin, ya danna dasashi, ya gwada ko yana girgiɗi, ya nemi ƙurjin da yake tsiyayar da mugunya. Zai zura wani siririn ma'auni tsakanin haƙori da dasashi ya zagaya da shi. Idan ma'aunin yana tafiya daidai ko'ina, sai a wuri ɗaya tak ya faɗa zurfi kwatsam, wannan alama ce mai ƙarfi ta tsagewar saiwa.

Daga nan sai hoto. Tun 1896, sa'ad da wani likitan Jamus, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa da hasken da yake ratsa jiki, hoto ya zama idon likitan haƙori. Inda cuta ta ci ƙashi yakan fito kamar baƙar inuwa a ƙarshen saiwa. Amma hoton da aka saba ɗauka fuska ɗaya yake nunawa, saiwa tana iya ɓoye bayan 'yar'uwarta, saboda haka akan ɗauka ta kusurwa biyu. Idan al'amari ya rikice, akwai wata na'ura mai zagaya kan mutum, wadda likitoci suke kira CBCT, mai nuna haƙori ta kowane ɓangare. An fara amfani da ita a ƙarshen shekarun 1990. Ta fi tsada, haskenta kuma ya fi yawa, don haka ba a yin ta sai da dalili.

Inuwa Ba Hukunci Ba Ce

Wajibi ne a fahimci cewa ganin inuwa a hoto ɗaya bai isa a ce aiki ya lalace ba. Ƙashi a hankali yake warkewa. Inuwar da ake gani yau tana iya zama mai girma ce, tana kuma iya zama ragowar wata babba ce da take kan ƙanƙancewa. Ba abin da zai raba gardama sai tsohon hoto.

Ƙa'idar da ƙungiyar masana aikin saiwa ta Turai ta fitar a 2006 ta ce a duba haƙorin bayan shekara ɗaya. Idan ba ciwo, ba kumburi, ƙashi kuma ya cike, aiki ya yi. Idan inuwar tana nan yadda take, ko ta ragu kaɗan, a ci gaba da dubawa har shekara huɗu. Idan kuwa inuwar ta ƙaru, ko ta fito inda da babu, ko akwai ciwo da mugunya, ko shekara huɗu ta cika tana nan, to, an tabbatar akwai cuta, sai a nemi magani.

Wannan magana ta shafi mazauna Abuja musamman. Tun da aka dawo da mazaunin gwamnati daga Legas ran 12 ga Disamba, 1991, birnin ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa masu zuwa daga ko'ina, waɗanda ake yi wa canjin wurin aiki a kai a kai. Mutum yakan yi aikin saiwa a Kano ko Inugu ko Ibadan, ciwo ya tashi yana Kubwa, ya zo wa sabon likita hannu rabbana. Kowa yana da ikon neman kwafin hotonsa da taƙaitaccen bayanin aikin da aka yi masa. A adana su kamar yadda ake adana takardun makaranta, ko a ɗauke su a waya.

Tambayoyi Biyar da Likita Yake Aunawa

Bayan an tabbatar da cutar, likita yakan bi waɗannan tambayoyi bi da bi.

1. Haƙorin zai ginu kuwa? Wannan ita ce gaba da kome. Ba amfani a share rijiyar da bakinta ya rushe. Domin hula ta zauna da ƙarfi, ana bukatar lafiyayyen jikin haƙori kamar milimita ɗaya da rabi zuwa biyu a bisa dasashi, kewaye da shi. Idan ruɓa ta gangara ƙarƙashin ƙashi, ko saiwa ta tsage, magana ta ƙare.

2. Ƙashin da yake riƙe da shi yana da ƙarfi? Haƙorin da ciwon dasashi ya zaizaye wa ƙashi har yana rawa, gyaran cikinsa ba zai tsayar da shi ba.

3. An san dalilin lalacewar, kuma za a iya kai gare shi? Idan hoto ya nuna kafar da aka tsallake, ko toshewar da ta tsaya rabin hanya, akwai abin gyarawa a fili, kuma fatan nasara yana da yawa. Idan kuwa aikin farko ya yi kyau ta kowace fuska amma cuta tana nan, maimaita shi da wuya ya kawo sabon abu. Wani bincike da aka yi a Italiya, aka buga a 2004, ya nuna girman wannan bambanci. Inda aikin farko bai ɓata siffar kafar ba, sake aiki ya yi nasara a kusan kashi 87 cikin 100. Inda aka karkatar da kafar ko aka huda gefenta, nasarar ta faɗo zuwa kashi 47.

4. Me za a rushe kafin a shiga? Wani haƙorin yana da hula mai tsada, ko yana riƙe da gadar haƙora, ko an kafa masa turken ƙarfe a cikin saiwa. Zare dogon turke mai kauri yana iya tsaga saiwar. Karyayyen magagari ma ba kullum ake haƙo shi ba. Idan yana can ƙasa bayan lanƙwasa, haƙo shi yana iya jawo ɓarna fiye da barinsa, sai likita ya nemi ratsawa ta gefensa.

5. Yaya lafiyar mai haƙorin take, kuma me yake so? Ciwon sukarin da ba a kula da shi ba yana jinkirta warkewa. Mai shan maganin hana daskarewar jini, da wanda aka yi wa aikin zuciya, da mai karɓar magungunan ƙarfafa ƙashi, da wanda aka gasa wa muƙamuƙi saboda ciwon daji, duk cire haƙori ko fiɗa yana da ƙarin haɗari a gare su. Mace mai ciki ita ma ta sanar tun da farko. Ana kuma duba amfanin haƙorin kansa. Turmin ƙarshe wanda ba shi da abokin tauna ba daidai yake da haƙorin gaba na matashi ba.

Hanyoyi Huɗu

Hanya ta farko ita ce a dakata a sa ido. Ta dace da haƙorin da ba ya ciwo, cikonsa lafiya lau, inuwarsa ƙarama ce ko tana raguwa. Sharaɗinta shi ne majiyyaci ya riƙa dawowa ana ɗaukar hoto. Amma idan za a yi wa haƙori sabuwar hula, alhali toshewar cikinsa ba ta da kyau, likitoci da yawa sukan fi son a sake aikin saiwar tukuna, don kada a ɗora sabon rufi a kan ruɓaɓɓen azara.

Hanya ta biyu ita ce a sake aikin ta sama. Bayan allurar kashe zafi, akan keɓe haƙorin da wani shimfiɗin roba domin kada miyau ya shiga, kada kuma kayan aiki su faɗa maƙogwaro. Wannan roba tsohuwar dabara ce, wani likitan Amurka mai suna Barnum ne ya ƙago ta a 1864, kuma har yau tana cikin alamun aiki mai kyau. Sai a cire tsohon ciko da tsohon ɗanko, a nemo ɓoyayyun kafofi da madubin ƙara girma, a wanke, wani lokaci a sa magani a ciki na mako ɗaya ko biyu, sa'an nan a toshe a rufe. Yakan ɗauki zama biyu ko fiye. Masana a Landan sun tattara sakamakon bincike da yawa a 2008, suka tarar kimanin kashi 77 cikin 100 na irin wannan aiki yana yin nasara, watau wajen haƙora uku cikin huɗu. Idan akwai inuwa tun kafin a fara, fatan yakan ragu. A wani dogon bincike na ƙasar Suwidin da aka buga a 1990, kashi 62 cikin 100 na irin waɗannan haƙora ne suka warke. Galibi wannan hanya ita ake fara zaɓa, domin ita ce take kai wa ga gidan ƙwayoyin cutar.

Hanya ta uku ita ce fiɗar ƙarshen saiwa. Akan ɗaga dasashi, a yi 'yar taga a ƙashi, a kwashe ruɓaɓɓen nama, a yanke kamar milimita uku na ƙarshen saiwar, a toshe ta daga ƙasa da wani siminti na musamman. Ana zaɓen ta idan hanyar sama ta toshe da turke, ko an riga an sake aikin bai ci ba, ko ana bukatar a kai naman ɗakin gwaji. Kayan aiki suna da tasiri a nan ƙwarai. Wani nazari na 2010 ya nuna fiɗar zamani da ake yi ƙarƙashin madubin ƙara girma ta yi nasara a kashi 94 cikin 100, tsohuwar hanya kuwa kashi 59. Sai dai fiɗa ba ta wanke tsawon kafar, don haka ba ta maye gurbin wanki mai kyau. A wani gwaji na Suwidin da aka buga a 1999, haƙoran da aka yi wa fiɗa sun riga warkewa a shekarar farko, amma bayan shekara huɗu ba a ga bambanci tsakaninsu da waɗanda aka sake wa aiki ta sama ba.

Hanya ta huɗu ita ce cirewa. Ita ce daidai ga saiwar da ta tsage da haƙorin da ba zai ginu ba, kuma jinkirta ta a irin wannan hali ƙashi kawai yake ƙara ci. Amma a sani giɓi ba ya zama shiru. Haƙoran gefe sukan karkato cikinsa, na sama ya zazzago, ƙashin wurin ya motse. Cike giɓin da haƙorin roba, ko gada, ko dashen ƙarfe, kowanne yana da kuɗinsa, kuma dashe ya fi sake aikin saiwa tsada nesa ba kusa ba. Duk mai lissafin arhar cirewa ya haɗa da kuɗin maye gurbi.

Misalai Uku

A ɗauka wata malamar makaranta ce, an yi wa turminta na sama aiki shekara uku da suka wuce, yanzu tana jin zafi idan ta tauna. Hoto ya nuna inuwa a saiwa ɗaya tak, kuma da alama akwai kafa ta huɗu da ba a taɓa ba. Jikin haƙorin yana da ƙwari. An san dalili, ana iya kai gare shi, sai a sake aikin ta sama.

A ɗauka kuma wani direba ne mai haƙorin gaba da aka sa wa dogon turke da hula mai kyau, ga ɗan ƙurji a dasashi yana fashewa yana dawowa. Zare turken zai iya tsaga saiwa, ƙarshenta kuma yana da sauƙin kaiwa ta gaba. A nan fiɗa ta fi dacewa.

Na uku wani dattijo ne wanda bai koma an sa masa hula ba, ya tauna ƙashi ya ji ƙas. Ma'auni ya faɗa zurfi a gefe ɗaya, inuwa ta rungume saiwa daga ƙasa zuwa gefe. Saiwa ta tsage, sai a cire, a yi shawarar abin da zai maye gurbi.

Idan Likitoci Suka Saɓa

Yana yiwuwa likita biyu su dubi hoto ɗaya su ba da shawara daban. Wannan ba ya nufin ɗayansu maƙaryaci ne. Masana a Suwidin sun daɗe suna nazarin wannan saɓani, kuma a 1994 suka bayyana cewa kowane likita yana da nasa ma'auni na girman inuwar da zai ce ta isa a taɓa, kuma ma'aunin yakan motsa gwargwadon wuyar aikin, da haɗarinsa, da tsadarsa. Tun da haka ne, mai haƙori yana da rabo a cikin shawarar. Ya dace ya tambayi abin da ake zaton ya kawo matsalar, da fatan nasarar kowace hanya, da jimlar kuɗi har da hula, da abin da zai faru in an bar haƙorin yadda yake, da kuma ko akwai bukatar a tura shi wurin ƙwararre. Neman ra'ayin likita na biyu ba rashin kunya ba ne.

Gargaɗi

Kafson da ake saya a kyamis ba ya warkar da wannan ciwo. Kafar haƙorin da aka cire wa ɓargo jini ba ya shiga cikinta, maganin da aka haɗiya kuwa jini ne yake kai shi. Kumburi zai sace na 'yan makonni, ƙwayoyin suna nan a maɓoyarsu, suna ma koyon jure wa maganin. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi suna rage raɗaɗi kawai. Kada a ɗora ƙwayar asfirin ko wani abu mai ƙuna a kan dasashi. Ƙurjin da yake tsiyaya ba tare da zafi ba shi ma cuta ce, rashin zafin don mugunya ta sami mafita ne.

Idan fuska ta kumbura har ido ya fara rufewa, ko kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa da wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, ko zazzaɓi mai zafi ya biyo baya, a tafi sashen gaggawa na asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Irin wannan kumburi yana iya toshe hanyar numfashi ya yi kisa.

Inda Za a Nemi Taimako

A Birnin Tarayya akwai sashen haƙori a Babban Asibitin Ƙasa, wanda ya fara aiki a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da yake Gwagwalada. Mazauna yankunan Bwari, Kuje, Kwali da Abaji suna iya farawa daga asibitin gwamnati mafi kusa, a tura su gaba idan aikin ya fi ƙarfin wurin. A sauran jihohi a nemi asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Maiduguri. Mai inshorar lafiya ya binciki abin da tsarinsa ya ƙunsa kafin a fara aiki.

Doka ba ta yarda kowa ya yi aikin likitan haƙori ba sai wanda Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ta yi wa rajista, kuma hedkwatarta tana nan Abuja. Majiyyaci yana da ikon tambayar shaidar rajistar. A guji masu cire haƙori a kasuwa da tasha, domin sukan bar karyayyar saiwa a cikin ƙashi, kayan aikinsu kuma suna iya yaɗa ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki.

Abubuwan Tunawa

1. Aikin saiwa bai kammala ba sai an sa ciko na dindindin ko hula.
2. A koma a ɗauki hoto bayan shekara ɗaya, ko da ba a jin kome.
3. A adana tsofaffin hotuna, a tafi da su duk inda aka koma.
4. Idan ciko ya faɗi ko hula ta saki, a je asibiti cikin kwanaki kaɗan.
5. Kafin a yarda a cire haƙori, a tambaya ko zai gyaru. Idan likita ya nuna saiwa ta tsage, kada a yi jinkirin cirewa.
6. A goge baki safe da dare da buroshi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, a rage zaƙi, domin rigakafi ya fi magani.

Ana roƙon wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a gida da wurin aiki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.